Ɗigon bitamin D na jarirai da ƙwayar manya: yadda suke a kemis ɗin Kano

Kano na da rana, amma jaririn da ke ɗaki cikin zani da shawul tun daga haihuwa har arba'in ba ya ganinta. Nonon uwa ya wadatar da shi kusan komai, sai dai bitamin D a cikinsa kaɗan ne. Shi ya sa likitocin yara a Amurka da Ingila suke ba jariri mai shan nono zalla IU 400 a kullum (IU ma'aunin yawan bitamin ne), wato microgram 10, tun daga kwanakin farko. Ɗigon da ake sayarwa yana cika wannan aiki, kuma a ganinmu ya cancanci kuɗinsa. Matsalar tana wajen kwalbar da mutum ya ɗauko.

Kwalaben iri biyu ne. Akwai mai ƙarfi, irin Baby Ddrops, wadda ɗigo ɗaya tak ke ɗauke da IU 400. Akwai marar ƙarfi sosai, irin D-Vi-Sol, wadda sai an cika mililita 1 kafin a samu IU 400 ɗin. Uwar da ta saba da ta biyu, aka canza mata ta farko a kemis ba a yi mata bayani ba, idan ta zuƙi mililita ɗaya ta ba jaririnta abin da ya haura kason kwana ashirin a lokaci guda. Iyakar da ba a so jariri ɗan ƙasa da wata shida ya wuce ita ce IU 1,000 a rana. Idan aka jima ana wuce gona da iri, kalsiyam yana hauhawa a jini: amai, ƙin cin abinci, taurin bayan gida, yawan fitsari, daga baya kuma ƙoda ta taɓu. Don haka a karanta jikin kwalba, a nemi inda aka rubuta adadin IU "a ɗigo ɗaya" ko "a mililita ɗaya", kada a dogara da bakin mai shago.

Mai ɗigo ɗaya ta fi sauƙin bayarwa. A kifa kwalbar tsaye, a bar ɗigon ya faɗo da kansa a kan nono, jariri ya tsotsa kamar sakan talatin. Ba a ɗiga kai tsaye a baki, don hannu na iya rawa biyu su faɗo. Mai mililita kuma a yi amfani da abin awon da ya zo da ita, a zuba a gefen kunci a hankali. An manta jiya? A ba na yau kawai, ba a ninkawa. Jaririn da ke shan madarar gwangwani mai yawa kullum yawanci yana samun nasa daga can. Man kifi da ɗigon haɗin bitamin da yawa ba madadinsa ba ne sai likita ya ce, saboda bitamin A da ke cikinsu ma yana taruwa a jiki.

Wurin saye ma abin lura ne. Zafin Afrilu a Kano yana kai digiri 40, kuma kwalbar da ta kwana a shagon kwano ko faranti a rana ba abin yarda ba ce. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a ajiye a inuwa nesa da murhu.

Ga manya, musamman matan da ba su cika fita ba da tsofaffi masu kukan ciwon ƙashi da sanyin jiki, gara a fara da gwajin jini mai suna 25-hydroxy bitamin D. Idan sakamakon ya nuna ƙasa da nanogram (ng) 20 a mililita, ƙaranci ne. Mai irin wannan sakamako likita kan ɗora shi kan IU 50,000 sau ɗaya a mako na tsawon mako takwas, sannan ya koma ƙaramin kaso na kullum. Wannan ƙwaya ta 50,000 ta mako ce, ba ta kullum ba, kuma nan ne ake yawan zamewa. Mai sha ba da umarnin likita ba kada ya haura IU 4,000 a rana. A sha da abinci mai maiƙo, miyar gyaɗa ko ƙwai, don a cikin mai yake narkewa. Bitamin D iri biyu ne, D3 da D2. D3 ya fi D2 ɗaga shi a jini; yawanci ana yinsa daga kitsen ulun tumaki, amma bawon ƙwayar sau da yawa gelatin ne da ake samu daga dabba, mai son tabbatar da halaccinsa ya zaɓi ɗigo ko ƙwayar da aka rubuta tushenta.

Inda wannan magani yake gazawa shi ne yaro ɗan shekara uku ko huɗu mai gwame ko lanƙwasassun ƙafafu. Binciken da Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, wanda ya fito a 1999, ya nuna yaran Najeriya masu wannan lalura sun fi warkewa da kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, fiye da bitamin D shi kaɗai. Yaron da aka yaye kan koko da tuwo, ba nono ba madara, ƙashinsa kalsiyam yake nema. Irinsa asibitin yara na Hasiya Bayero ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano za a kai shi, a ɗauki hoton wuyan hannu da gwiwa kafin a sayi kwalba ko ɗaya.