Zaƙi ko maiƙo da furotin: wanne zai dawo miki da nauyi bayan tiyatar rage tumbi?

'Yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa. Na karanta tambayarki har sau biyu. Kin ce wata 16 ke nan da aka yi miki tiyatar baifas, wato wadda ake tsallake yawancin tumbi a haɗa ɗan saman da ya rage da hanji, tsayinki mita 1.63, nauyinki ya sauko zuwa kilo 48, kuma har yanzu kina rasa kusan kilo ɗaya a wata. Yayarki ta ce ki koma wa lemon kwalba da askirim da kek, tunda su suka sa ki ƙiba a da. Masaniyar abinci kuma ta ce ki riƙa ci kaɗan-kaɗan sau shida a rana, kina ƙara mai da furotin, kin yi wata biyu a kai ba ki ga canji ba. Can ƙarshe kin jefo wata magana kamar ba komai ba, cewa kina amai sau biyu zuwa uku a mako idan kin ci nama. Wannan ta ƙarshen ta fi tsaya mini a rai, zan dawo kanta.

Mu fara sanin girman ramin da za a cike. Da tsayinki da nauyinki, BMI ɗinki, wato ma'aunin da ke kwatanta nauyi da tsayi, 18.1 ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa duk wanda ya gaza 18.5 a cikin ramammu. Kilo 49 da 'yan kai zai fitar da ke daga wannan layi, kilo 53 kuma zai kai ki 20. Ke nan kilo biyar muke nema. Ga wani abin da zai ɗan kwantar miki da hankali: yawancin masu wannan tiyata suna kai ƙarshen ramarsu ne tsakanin wata 12 zuwa 18, wasu har shekara biyu, sannan nauyin ya tsaya, da yawa ma ya ɗan hau da kansa. Ni shekarata huɗu da baifas, kuma a wata na 15 na fi ramewa.

Yayarki ba ta yi ƙarya ba, a yi mata adalci. Abu mai ruwa-ruwa da zaƙi ba ya zama a ɗan tumbin da aka bar mana, sulalewa yake yi ya wuce, ba a jin ƙoshi. Gwangwanin lemo ɗaya yana da kalori kusan 140 da sukari wajen giram 39, kuma za ki iya shanye shi a lokacin da loma uku na kaza za su gagare ki. Ta wannan ƙofar ne ma da yawa daga cikin waɗanda ƙiba ta dawo musu bayan tiyata suka bi. Idan sikeli kaɗai za a duba, hanyarta tana aiki.

Matsalar tana cikin yadda aka sake ɗinka cikinki. A ƙasan tumbin mutum akwai wata 'yar ƙofa mai sakin abinci zuwa hanji kaɗan-kaɗan. A baifas an tsallake wannan ƙofa gaba ɗaya. An bar miki 'yar jaka mai cin kusan mililita 30, kamar girman ƙwai, an haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Idan sukari mai yawa ya faɗa hanji lokaci guda, sai ya jawo ruwa daga jini zuwa cikin hanjin, cikin minti 10 zuwa 30 jiki ya rikice. Likitoci suna kiran wannan damfin. Na taɓa shan rabin kofin lemo mai sanyi wata rana da ƙishi ya dame ni. Kafin in gama ninke kayan da ke hannuna zuciyata ta fara bugawa har ina jin ta a kunne, gumi ya jiƙa mini bayan riga, cikina ya murɗa, na kwanta a ƙasa na manna kumatuna da sanyin daɓe ina jiran abin ya wuce. Gudawa ce ta biyo baya. Kalorin da na sha ba su zauna ba.

Akwai kuma na biyu, wanda ya fi ba ni tsoro, domin shi sai bayan awa ɗaya zuwa uku yake zuwa, lokacin da mutum ya manta ya sha wani abu. Sukarin jini ya hau da sauri, jiki ya zubo insulin, sinadarin da ke saukar da sukarin jini, fiye da kima, sai sukarin ya faɗi warwas: hannu na rawa, gani na dishi-dishi, kai ya ɗaure, wasu har suma. Ki yi tunanin hakan kina tuƙi, ko kina riƙe da jariri. Kuma abin da jiki ke roƙo a lokacin shi ne ƙarin zaƙi, sai a sake zagayowa. An gudu ba a tsira ba.

Ko da a ce cikinki ya jure, ki duba irin nauyin da zai dawo. Wanda ya rame da sauri ba kitse kaɗai ya rasa ba, har da tsoka, shi ya sa hawa bene yake miki wuya kuma zama a kujerar katako yake miki ciwo. Sukari ba ya gina tsoka. Cikinki kuma fili ne ɗan ƙanƙani, duk wurin da kek ya tare, ƙwai ya rasa. Sannan, ki yafe mini in na taɓa inda ke ciwo, wannan ɗabi'ar ta shan zaƙi ce da yawanmu muka sha wahala kafin mu rabu da ita, kuma idan ta dawo ba ta san cewa a kilo 53 aka ce ta tsaya ba.

Hanyar masaniyar abinci lissafi ce zalla. Giram ɗaya na sukari kalori 4 ne, na furotin ma 4, na mai kuwa 9. Babban cokali ɗaya na man zaitun kalori kusan 120 ne, wato ya kusa kamo gwangwanin lemo, alhali bai tare wurin komai ba a cikinki kuma ba ya tayar da sukarin jini. Ƙwai ɗaya yana da furotin giram 6 da kalori wajen 70, idan kin soya shi da cokalin mai ya haura sosai ba tare da ya ƙara girma ba. Kofin madara mai cikakken maiƙo kalori kusan 150 ne da furotin giram 8, kuma za ki iya kaɗa madarar gari a ciki ta ƙara nauyi. Ɗan cikin tafin hannu na gyaɗa ko yazawa, giram 30, ya kai kalori 170. Ga fiya, ga cuku, ga kifi mai maiƙo, ga yogot marar sukari ga wadda madara ke kumbura wa ciki, domin wasu bayan tiyata ba sa jure ta. Ƙungiyar likitocin tiyatar ƙiba ta Amurka ta ce kada furotin ya gaza giram 60 a rana, kuma ana iya kai shi giram 1.5 a kan kowane kilo na nauyin da ya dace da mutum. A wajenki tsakanin 60 da 80 ke nan.

Idan kin samu ƙarin kalori 300 zuwa 500 a rana a kan abin da jikinki ke ƙonawa, za ki riƙa hawa da kwatan kilo zuwa rabin kilo a mako. Kilo biyar zai ci wata uku zuwa biyar. Ba zan ɓoye miki ba, hanyar tana da gundura. Yunwa ba ta zuwa ta tuna miki, saboda haka agogo ne zai zama yunwarki. Ni na sa ƙararrawa a waya duk bayan awa biyu da rabi, in ta buga in ajiye abin da nake yi, in ɗauko ɗan ƙaramin kwanona ko da raina bai so. Ga dokar ruwa kuma, ba sha minti 30 kafin ci da minti 30 bayansa, don kada ruwa ya cinye filin abinci. Sai na gane ranar tawa duka ta koma tsarin yaushe zan ci, yaushe zan sha.

Wasu dokokin da aka koya mana a farkon tiyata yanzu juya su za ki yi. Ki bar sayen kayan da aka cire wa maiƙo. Ki rage cika ciki da ɗanyen ganye, yana tare wuri ba ya kawo kalori. Kuma dabarar yayarki ta shan kalori maimakon tauna shi, ki are ta, sai dai ki canza abin da ke cikin kofin: madara ko yogot, garin furotin, markaɗaɗɗiyar gyaɗa, rabin fiya, ba sukari, a kurɓa a hankali tsakanin abinci. Ki haɗa da motsa jiki mai sa tsoka aiki sau biyu ko uku a mako, irin tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba da ɗaga abu mai ɗan nauyi, ki rage dogon gudu tukuna. Tsoka sai an neme ta take karɓar furotin.

Maiƙo shi ma yana da iyakarsa. Ki ƙara shi cokali-cokali, kina lura da bayan gida. Idan ya zama mai maiƙo, yana yawo a saman ruwa, da wari mai ƙarfi, to man wucewa yake yi ba ya shiga jiki. Wannan ya fi samun waɗanda aka tsallake musu hanji mai tsawo, amma masu baifas ma yana samunsu, kuma likita na iya rubuta ƙwayoyin da ke taimaka wa narkar da mai, ko ya bincika ko ƙwayoyin cuta ne suka yi yawa a ƙaramin hanji.

Ga 'yan'uwa masu silif, wato wani nau'in tiyatar rage tumbi daban, da ke karantawa, lissafinku ya ɗan bambanta. An cire muku kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, amma 'yar ƙofar nan tana nan kuma ba a taɓa hanji ba. Damfin bai cika kama ku ba, saboda haka zaƙi zai shiga lafiya lau, abin da ya sa tarkon ya fi sauƙin faɗawa a wajenku. Idan kun rame fiye da kima, an fi zargin tsukewa ko murɗewar tumbin, ko ƙwannafi mai hana ci. Kuma abin da aka yanke a silif ya tafi ke nan, alhali a baifas tsohon tumbin yana nan a ciki. Idan abu ya yi tsanani ana iya sa bututun ciyarwa a cikinsa, ko ma a mayar da hanyar yadda take.

To, maganar aman nan. Duk hanyar da kika zaɓa cikin biyun, zuba ruwa ne a kwando idan abinci ba ya wucewa ko ba ya zama. Wadda ta yi wata biyu tana bin tsarin masaniyar abinci da gaske amma tana ci gaba da ramewa, akwai dalili, kuma amai bayan nama a wata na 16 ba abin da za a ce an saba ba ne. Wani lokaci saurin ci ne ko rashin tauna sosai. Amma yana iya zama mahaɗar jakar da hanji ce ta tsuke, ko gyambo ya fito a bakin ɗinkin. Shan taba yana jawo wannan gyambo, haka magungunan ciwo irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin, waɗanda da yawa ke haɗiya don ciwon kai ko ciwon mara ba su san an hana mu ba. Kyamarar da ake zurawa ta maƙogwaro ce ke nunawa, kuma idan tsukewa ce, sau da yawa a zaman nan ake buɗa ta da 'yar balan-balan. Mutum ya yi watanni yana zargin kansa da rashin ƙoƙari, ashe ƙofa ce ta ƙuntace.

Kuma a nan ne shawarar zaƙi ta tashi daga rashin amfani ta zama haɗari. Ajiyar bitamin B1 a jiki ba ta wuce mako biyu zuwa uku, yawan amai yana ƙarar da ita, kuma da B1 jiki ke ƙona sukari. Mai amai da ta koma ɗura lemo tana cinye ɗan abin da ya rage mata ne. Ƙarancinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wani lahanin ba ya gyaruwa. Idan kin ji ƙafafunki na dindiris, ko kina tangaɗi, ko kina ganin abu bibbiyu, ko kanki na ruɗewa, asibiti a ranar, ba jiran ranar ganin likita. Haka idan ciwon ciki mai tsanani ya turnuƙe ki, domin bayan rama mai yawa hanji na iya zamewa ya maƙale a cikin giɓin da tiyata ta bari, ko kika ga bayan gida baƙi ƙirin, ko ƙafafu suka kumbura.

Tambaya ɗaya kuma, ba sai kin amsa mini a gaban mutane ba. Ranar da kika hau sikeli kika ga ya ƙaru da rabin kilo, murna za ki yi ko gabanki zai faɗi? Ni gabana faɗuwa ya yi, har na tsallake abincin dare a ranar, alhali ni ce nake kukan rama. Wanda ya ɗanɗani gorin ƙiba shekara da shekaru, tsoron komawa can yana iya riƙe masa cokali ba tare da ya sani ba. Sai da na faɗa wa likitana da bakina aka haɗa ni da mai ba da shawara kan lafiyar tunani, kuma daga nan ne ƙararrawar wayar ta fara amfani.

Da ni ce ke, zan ci gaba da tsarin masaniyar abinci, in bar lemon inda yake, in nemi ganin likitan da ya yi tiyatar a cikin makon nan. Kafin ki je, ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki na kwana uku, da lokacinsa, da abin da ya biyo baya. Ki nemi a auna miki albumin, wato furotin na cikin jini, da yawan jini, da sinadarin ayon, da B1, B12, folet, bitamin D, kalsiyam, zink da sinadarin kofa (jan ƙarfe), a duba tayirod, ƙullutun da ke gaban wuya, kuma. Ki tafi da yayarki in za ta samu lokaci, ta ji bayanin damfin daga bakin likita, domin ƙaunarki ce ta sa ta magana, kuma ita ce za ta fi kowa tuna miki lokacin cin abinci ya yi. Da kin zauna a gabansa, ki fara da sau nawa kike amai a mako kafin ki faɗa masa nauyinki.