Lens na farko da ya kamata mai koyon hoto ya saya, da inda ake cutar mutane

Wanda ya sayi kyamara mai cire lens, ko Canon ko Nikon, yawanci da lens mai zum na 18-55mm take zo masa (ƙaramar lamba tana ɗauko fili mai faɗi, babba tana jawo abu kusa). Bayan wata biyu ko uku sai ya ga hotunansa sun ƙi kama ƙafar waɗanda yake gani a Instagram, sai ya fara tunanin canza kyamara. Ajiye kuɗinka tukuna, malam. Lens za ka canza.

Ni ba na ɓoye gwanina: 50mm f/1.8. Shi ne mafi araha a cikin lens ɗin kirki, ƙarami ne, ba ya nauyi a jaka, kuma shi ya koya mini ɗaukar hoto. Lambar nan ta f faɗin ƙofar da haske ke shiga take nunawa, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. In ka jawo 18-55 zuwa ƙarshensa, ƙofar ba ta buɗewa fiye da f/5.6. A f/1.8 hasken da ke shiga ya kusa ninka wancan sau 10. Ke nan a zaure, ko ɗakin amarya mai ƙwan lantarki ɗaya, ko gab da magariba, za ka ɗauki hoto ba tare da ka haske wa mutane ido da filasha ba. Ga kuma abin da kowa ke nema: fuska ta fito tar, bayanta ya narke. Je karofin Ƙofar Mata a Kano da safe, ka nemi izinin marini, ka ɗauki hannunsa yana tsamo zane daga ramin baba. Daga ranar ba za ka sake tambayar amfanin lens ɗin nan ba.

Ba ya zum. Ƙafarka ce za ta matsa gaba ko ta ja baya, kuma wannan wahalar ce ke sa mutum ya fara tunani kafin ya danna. Aibinsa guda ne: a ƙananan kyamarori irin su Canon 700D ko Nikon D3200 yana matse hoto, ya zama kamar 80mm a Canon, 75mm a Nikon. A ƙaramin ɗaki sai ka ja baya har ka dangana da bango mutum huɗu ba su shiga ba. Mai Nikon da ya fi ɗaukar taro a cikin gida ya nemi 35mm f/1.8G DX, ƙanensa ne, halinsu ɗaya.

A Canon iri biyu ne suka fi yawo a kasuwa. Akwai mai alamar II da ya fito a 1990, gindinsa roba, yana ƙara in yana neman saiti, wato daidaita hoto ya fito tar. Akwai STM na 2015, gindin ƙarfe, shiru. Ɗauki STM. A Nikon kuwa buɗe ido da kyau: akwai 1.8D, akwai 1.8G. Mai D ba shi da injin saiti a cikinsa, kuma kyamarorin jerin D3000 da D5000 su ma ba su da shi a jikinsu, don haka in ka haɗa su da hannu za ka riƙa juya saiti. Mai D ya fi araha, shi ya sa ake saurin miƙo maka shi.

Sauran fa? Dogon nan 75-300 ko 70-300 na ranar Hawan Daushe ne, ko in ka yi sa'ar giwaye a Yankari. Ragowar shekara a jaka yake kwana. Mai faɗi irin 10-18, don ka hau Dala ka ɗauko gari, wayarka ma za ta yi maka. Shi kuwa 18-200 mai cewa zai yi komai, taura biyu ba ta taunuwa.

Filta, wato gilashin da ake ɗaurawa a bakin lens, iri uku ake tallata wa mutum. UV ba ya gyara hoto, amma a lokacin hunturu gara ƙura ta sauka a kansa da ta sauka a kan lens. CPL shi ne mai aiki: yana kashe ƙyallin ruwa, ya ƙara wa sama shuɗi, musamman in rana tana gefenka. ND, mai rage haske, sai ranar da za ka je Gurara kana son ruwan ya fito kamar auduga, kuma sai da abin kafa kyamara. Duba girman bakin lens ɗinka kafin ka saya: bakin STM 49mm ne, na 50mm 1.8G na Nikon 58mm.

Yanzu ga inda ta taɓa ƙona ni. Lens na hannu na farko da na saya, da yamma ne, shago ba wuta, mai kaya yana ta gaggawar rufewa. Waje fes kamar sabo. Sai da na ga hotuna suna fitowa kamar an ɗauke su cikin hazo, na kai wa mai gyara, ya haska ya nuna mini fumfuna ta yi saƙar gizo a cikin gilashin. Kuɗin wankewa ya kusa rabin kuɗin saye, kuma tabon bai fita duka ba. Tun daga nan ba na karɓar lens sai na cire murfin gaba da na baya, na haska fitilar waya ta ciki, na leƙa ta ɗaya ɓangaren. Ɗigon ƙura kaɗan ba komai ba ne, kowane tsohon lens yana da shi. Zare-zare ko dusashewa kuwa, mayar masa da kayansa. Lens na Canon ƙofar haskensa a buɗe take in an cire shi. Na Nikon mai G a tsuke yake, sai ka tura ɗan ƙarfen da ke gindinsa ya buɗe. Ka je da kyamararka, ka gwada saiti kusa da nesa, ka rubuta lambar jikinsa kafin a shiga da shi ciki "a sa maka a kwali". Ana nuna wani a naɗe wani.

Memori ya fi ciwo. Na taɓa sayen wanda aka rubuta 64GB a jikinsa, da tambarin babban kamfani, ashe cikinsa bai kai ko kusa ba. Kyamara ba ta yi gardama ba, ta yi ta karɓar hotuna tun daga fitowar dawaki har aka tashi, na dawo gida na tarar rabi ba sa buɗewa. Hawan sallah kuma ba a maimaita maka shi. Akwai manhaja kyauta, H2testw, da ke cika katin ta karanta shi ta gaya maka gaskiyar girmansa. Yi wannan a ranar da ka saya, kafin ka zubar da rasit. CPL na jabu ma yana nan, baƙin gilashi ne kawai a zobe. Ɗaga shi gaban allon laftof ka juya a hankali ta kowace fuska: na gaske zai yi duhu a wani wurin, jabu yana nan yadda yake. Batir kuwa, in ya fi naka sauƙin nauyi ko rubutunsa ya yi dishi-dishi, bar shi. Mai talla a intanet da ya ce sai ka turo kuɗi kafin ka ga kaya, ko na mota ne, kada ka fara.

In ka samu mai kyau, da damina kada ka bar shi a jakar yadi a ƙarƙashin gado. Sa shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka riƙa fito da shi yana shan iska duk mako.