Dodannin Roba Biyar a Kabad Ɗina: Abin da Na Gani Bayan Wata Huɗu

Wata huɗu ke nan da wasu ƙananan mutum-mutumin roba guda biyar suka iso hannuna a Jos, kuma da gangan na jinkirta wannan sharhi, domin na so su sha ƙurar hunturu su kuma ga farkon damina kafin in yanke musu hukunci. Dodanni ne na tsofaffin finafinan ban tsoro na kamfanin Universal na Amurka: Dirakula mai shan jini da dodon Frankenstein, waɗanda finafinansu suka fito a 1931, da naɗaɗɗiyar gawar Masar ta 1932, da mutumin da ke rikiɗa kerkeci na 1941, sai dodon ruwa mai ɓawo irin na kifi na 1954. Na fara sanin su ne ina yaro, a kaset ɗin bidiyo a gidan kawuna, inda mukan yi cincirindo a bakin ƙofa muna leƙe, ga tsoro ga kuma rashin son tashi.

Wanda bai saba da wannan harka ba zai iya zaton tsofaffin kaya na saya. Sababbi ne fil, amma an ƙera su ne da gangan a kan fasalin kayan wasan yara na ƙarshen shekarun 1970. Tsayin kowanne inci 3.75 ne, wato kusan santimita 9.5, girman da kamfanin Kenner ya yayata tun daga 1978 da kayan wasan fim ɗin Star Wars, kuma kamfanin Remco ya fitar da waɗannan dodanni a irin wannan girma wajen 1980. Gaɓoɓi biyar kaɗai ke motsi a jikinsu, wuya da kafaɗu biyu da cinyoyi biyu. Gwiwa ba ta lanƙwasuwa, hannu ba ya tanƙwaruwa, kuma idan ka zaunar da dodo sai ƙafafunsa su miƙe sambal kamar na wanda aka yi wa ɗori. Duk wanda ke neman mutum-mutumin da zai riƙa girkewa a tsayuwa iri-iri yana ɗaukar hoto, to kada ya ɓata kuɗinsa a nan, domin wannan sandarewar ita ce ainihin abin da ake sayarwa.

Dodon Frankenstein ne wannan fasali ya fi karɓa, saboda shi ko a fim ɗin a sandare yake tafiya. An fitar da shafaffen kansa, da ƙusoshi biyu na wuya, da rigar da hannuwanta suka gaza, da manyan takalman nan, daidai yadda mai kwalliya Jack Pierce ya tsara wa Boris Karloff, ɗan wasan da ya fito a matsayin dodon. Faɗin takalman ya sa shi kaɗai ne bai taɓa faɗuwa ba ko da an buga ƙofa da ƙarfi. Fentin fuskarsa kore ne mai duhu, kuma an yi dabara wajen runtse masa fatar ido, har yana kama da mai jin barci ko mai baƙin ciki, ba mai fushi ba. Af, mutane da yawa kan kira shi Frankenstein, alhali kuwa a littafin Mary Shelley na 1818 wannan sunan mutumin da ya harhaɗa shi ne, shi dodon ba a raɗa masa suna ba. Na gaji da gyara wa baƙi wannan kuskure, yanzu sai in yi shiru.

Amma wadda na fi ɗauka a hannu ita ce gawar Masar. An sassaƙa kowane zagaye na ƙyallen da aka naɗe ta da shi, har da inda ya warware a gwiwar hannu yana lilo, kuma idan ka bi da farce za ka ji tudu da kwari. Abin dariya shi ne, a fim ɗin 1932, wanda ya fito shekara goma bayan gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922, mintoci kaɗan ne na farko aka nuna Karloff, wanda shi ne ya fito a matsayin gawar, a naɗe. A mafi yawan sauran fim ɗin wani tsoho ne mai tamoji a fuska, sanye da dara. Masu ƙera kayan wasa sun san abin da mutane ke tunawa, shi ya sa naɗaɗɗen suka zaɓa. Tawa irin mai haske cikin duhu ce, robar tana shan hasken fitila sannan ta riƙa sakinsa a hankali. A daren farko aka ɗauke wuta muna cikin cin tuwo, sai ga wani koren abu yana tsaye shi kaɗai a kan kanta. Ƙaramin ɗana ya saki cokali ya ce, "Baba, ga dodo can!" Hasken ya fi ƙarfi a mintocin farko, daga nan ya yi ta dusashewa har ya zama sai ka ƙura ido.

Dirakula ne ya ba ni kunya. Alkyabbarsa ba ta yadi ba ce, wata 'yar leda ce mai kauri da aka huda aka zura a hannuwa, yadda ake yi a wancan zamani, kuma sanyin Jos ya ƙandarar da ita har ta ƙi kwanciya a kafaɗa. Fuskar ma ba ta Bela Lugosi, ɗan wasan da ya fito a matsayin Dirakula a fim ɗin, ba ce, ta wani bature ce mai laɓɓan gashi da za a iya kiran sa kowa. Wannan bai ba ni mamaki sosai ba, domin magadan Lugosi sun daɗe suna shari'a da Universal a kotunan Kalifoniya kan haƙƙin amfani da kamanninsa, har zuwa hukuncin 1979, kuma ba kowane Dirakula na roba ne ke ɗauke da fuskarsa ba. Duk da haka, jan fentin leɓensa ya zarce zuwa haɓa, kuma wannan sakaci ne kawai na mai fenti. Mutum-kerkeci da dodon ruwa ba su da laifi, ba su kuma burge ni ba. Da Hajiyarmu ta ga na farkon sai ta ce, "Wannan ai mai rikiɗa kura ne," ta wuce abinta.

Inda maganar ta fi nauyi ga mai saye daga Najeriya shi ne kwalin. Kowane dodo yana zuwa ne manne a kan faffaɗan kwali mai zanen fim ɗinsa, an rufe shi da farar roba mai nuna ciki, kuma a wurin masu tara irin waɗannan kaya, wanda ba a taɓa ɓarewa ba ya fi daraja nesa ba kusa ba. Gaskiya zanen ya yi kyau, har ina ganin rabin kuɗin nasa ne. Sai dai kayan sun taso daga Amurka zuwa hannun wani mai jigila a Abuja, daga can aka ba direba a tasha ya kawo Jos, kuma ko da na buɗe, kwali uku sun karye a kusurwa, ɗaya kuma robar murfinsa ta loɓa kamar an ɗora masa buhu. Kuɗin jigilar ya kusa kamo kuɗin kayan, ga shi da dala aka biya. Da na ga haka sai na sa reza na ɓare huɗu a hankali ta ƙasa, na bar dodon ruwa a rufe saboda shi kaɗai ya tsira lafiya.

Ban yi nadamar ɓarewar ba, domin ko wanda na bari a rufe bai tsira daga yanayin garin nan ba. Da ruwan sama ya fara sauka a Afrilu, kwalinsa ya sha laima ya fara lanƙwashewa, sai da na danne shi da ƙamus na kwana uku. Ƙurar hunturu kuwa ta fi son gawar Masar, takan cika kwarin ƙyallenta har ta koma ruwan ƙasa, kuma tsohon buroshin haƙori mai laushi da ɗan ruwan sabulu ne ke fitar da ita. Kada a kuskura a sa kananzir ko fetur, suna cin fenti. Haka kuma kada a ajiye su kusa da taga, domin rana tana koɗar da launin kwali, tana kuma mayar da farar robar murfi rawaya. Wanda ke zaune a Abuja ya fi ni buƙatar wannan gargaɗi.

Akwai kuma abin da masu sharhi na ƙasashen waje ba sa fuskanta. Uwargida ce ta fara tayar da maganar ajiye mutum-mutumi a gida, ta kawo hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hotuna, ni kuma na tuna mata da 'yan tsanar da Nana A'isha ke wasa da su. Malamai sun yi bayani mai tsawo a kan bambancin gunki da abin wasan yara, kuma ni ba mai ba da fatawa ba ne, don haka wanda abin ya dame shi ya tambayi malaminsa kafin ya kashe kuɗi. Mu dai mun daidaita a kan cewa za su bar falo da ɗakin da ake salla, su koma kabad mai murfi a ɗakin karatuna, wanda hakan ya kuma rage mini aikin share ƙura.

Ba zan saya wa ƙaramin yaro su ba. Kayan wasan gwanjo da ake zubewa a wajen kasuwar Taminus ta Jos sun fi su araha da jure wahala, kuma hannun mutum-kerkeci ya riga ya yi sako-sako tun ranar da ɗana ya same shi na minti goma. Ga babba mai son waɗannan finafinai kuwa, dodon Frankenstein da gawar Masar sun cancanci kuɗinsu, mutum-kerkeci da dodon ruwa sai idan ana son cika jeri, Dirakula kuma a nemi na wani kamfani. Yanzu amaryar dodon Frankenstein ta fim ɗin 1935 nake hari, mai tsayayyen gashi da farin zane a gefe biyu, amma ba zan sake bi ta tasha ba. Zan jira wani abokina da zai dawo a ƙarshen shekara ya saka mini ita a tsakiyar tufafinsa.