Hajiya, ga bambancin koyon ofset da koyon dijital

Assalamu alaikum ƴan uwa. Hajiya ce ta yi tambaya jiya da dare, ta ce yaronta ya gama aji huɗu na kolej bai samu brebe ba, wato takardar shaidar kammala kolej, kuma ransa na kan aikin buga takardu, to ina ya fi a kai shi, wurin masu babban injin ofset ko wurin masu dijital da ke buga bash, wato robar nan ta talla da ake ratayewa, da katin biki. Na ga kowa na ta cewa dijital dijital, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta nawa da ɗan tsawo, don ni da wannan aikin nake ci nake sha, nan Damagaram na fara na je Kano na ƙaro ilimi sannan na dawo gida.

Hajiya ki fara gane cewa sana'o'i biyu ne daban ko da yake duka takarda da tawada ne. Shi ofset asalinsa ruwa da mai ba sa haɗuwa. Ana ɗaukar zanen a kan wani faranti na alminiyom da muke ce ma plak, a ɗaura shi a jikin silinda, inda babu rubutu ruwa ya kama inda akwai rubutu tawada ta kama, daga plak ɗin tawada ta hau kan roba daga roba ta sauka kan takarda. To duk aikin mai tuƙa injin shi ne ya riƙe ma'aunin ruwa da tawada, ruwa ya ɗan yi yawa kala ta kwanta ta yi fari, ya yi kaɗan takarda ta yi datti gaba ɗaya, kuma babu allon da zai faɗa maka, ido ne da kunne da yatsa. Injunan da aka fi gani a ƙasashenmu tsofaffin Heidelberg ne na Jamus, GTO 52 mai cin takarda santimita 36 da 52, da Kord 64 wanda ya ɗan fi shi faɗi, kuma da yawansu kala ɗaya suke bugawa. Kin ga hoto mai kala, kala huɗu ne suke haɗa shi, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, ke nan takarda ɗaya sai ta bi injin sau huɗu, ana wanke rola tsakanin kowace kala, kuma dole kowace kala ta faɗa daidai kan ƴar uwarta, in ta kauce ko da gashin kai ne fuskar mutum za ta fito da inuwa biyu, aikin dubu biyar ya lalace ke nan an yi asarar ram goma na takarda.

Shi ya sa koyonsa ke da tsawo. Ni wata shida na farko ban taɓa maɓalli ba, wanke rola da kananzir, kaɗa takarda don iska ta shiga tsakaninta, jera ta, tsayawa a bakin fita ina kallo. Sai da na haura shekara biyu kafin maigida ya fita ya bar min aiki mai kala huɗu ni kaɗai. Yaro mai gajen haƙuri a nan yake gudu, kuma gaskiya ban ga laifinsu sosai ba don a lokacin abin da ake ba ka kuɗin abinci ne kawai.

Dijital kuwa daga kwamfuta kai tsaye ake turawa, babu plak babu wanke-wanke. Yaro mai kai in ya samu wata uku zuwa shida ya iya zane a kwamfuta da CorelDraw da ɗan Photoshop ya san yadda ake ɗora robar bash a injin, to ya fara shigo da kuɗi, yau katin suna gobe allon shago jibi hoton mahajjaci. Wannan ba ƙarya ba ne kuma shi ne abin da ƴan uwa suka gani suke cewa dijital. Amma abin da ba su faɗa miki ba, sauƙin nan da ya sa ɗanki zai iya cikin wata uku shi ne ya sa ɗan kowa ma zai iya. Ki zaga daga kasuwar Dole zuwa Sabon Gari ki ƙirga masu wannan aiki, kowa na karya ma ɗan uwansa farashi, kuma duk wanda ya gama jami'ar André Salifou bai samu aiki ba in yana da laptof ya zama mai zane. Mai tuƙa ofset na gaske kuwa wanda za a ba shi aiki a tafi a yi barci, a garin nan ba su da yawa, in ɗaya ya kwanta ciwo sai ka ga madaba'a ta tsaya cik.

Ta fannin kasuwa ga yadda yake. Kati ɗari ko ɗari biyu dijital ya fi arha don ba a sayen plak. Amma da an ce dubbai, karnen rasit na ƴan kasuwa, takardun asibiti, kundin maki na makarantu in an kusa komawa a watan Oktoba, kalandar azumi, to ofset ne, don plak sau ɗaya ake biya kuma duk yadda adadi ya ƙaru kuɗin kowace takarda sauka yake. Sai dai ba zan ɓoye miki ba manyan ayyuka da yawa ba sa tsayawa Damagaram, ko su tafi Yamai wurin irin su Nouvelle Imprimerie du Niger ko su tsallaka Kano inda takarda da plak suka fi sauƙi. Ke nan mai ofset ya sa a ransa wata rana zai iya yin tafiya, amma in ya tafi da hannunsa ya tafi, injin GTO na Kano da na Maraɗi da na Yamai duk ɗaya ne.

Sai maganar yanayinmu, wannan kowanne da tasa wahalar. Lokacin hunturu takarda na bushewa ta riƙa mannewa injin ya ɗauki biyu-biyu, ƙura ta hau plak ta bar ɗigo-ɗigo. Amma tsohon injin ƙarfe ne, ana kwance shi a gyara, wani abin ma maƙeri ko mai walda ya yi maka. Shi injin bash ransa na cikin kan da ke fesa tawada, irin su Epson XP600 da DX5, ƙura da zafin watan Afrilu na toshe shi, in kuran ya ɗauke ana tsakiyar aiki ko injin ya kwana biyu ba a kunna ba tawada ta bushe a ciki, kuma ba a ƙera shi sai dai a sayo sabo. Duk mun ga abin da ya faru a 2023 da Najeriya ta yanke wuta, masu dijital da ba su da janareta sun ji jiki ƙwarai.

Lafiya ma ki duba. Ofset na cin yatsa in mutum ya sa hannu ko tsumma kusa da rola injin na tafiya, babbar riga ba ta shiga wurin, haka wuƙar yankan takarda. Dijital ba ya yanka amma warin tawadar bash a ɗaki rufe yana sa ciwon kai da ƙirji.

Takardar shaida fa? Tunda ba shi da brebe, ki je ofishin koyar da sana'o'i na jiha ki tambayi abin da cibiyoyin koyon sana'a na CFM da CFPT suke koyarwa bana, ki kuma tambayi FAFPA, su ne asusun da ke tallafa ma koyon sana'a. Ko fannin lantarki ko kwamfuta ya samu zai amfane shi a madaba'a. Mai son karatu mai zurfi akwai sashen fasahar ɗab'i a Kaduna Polytechnic, sai dai can ana neman sakamakon sakandare da Turanci.

In ɗana ne Hajiya, ofset zan kai shi da safe, da yamma in biya masa ya koyi CorelDraw, don wanda ya san yadda kala huɗu ke hawa kan takarda in ya zauna gaban kwamfuta zanensa ba ya ba mai bugawa wahala, kuma komawa dijital daga baya abin ƴan watanni ne a wurinsa, amma mai dijital da ya saba karɓar jikka biyu uku a rana da wuya ya yarda ya koma wanke rola. In kuma gidan na buƙatar abin da zai shigo da shi yanzu-yanzu, to ki kai shi dijital babu kunya a ciki, sai dai ki roƙi maigidan ya koya masa wanke kan injin da gyaransa ba danna maɓalli kaɗai ba.

Kafin ki miƙa shi ki je wurin da kanki ko ki tura kawunsa, ku ga injin na aiki ne kullum ko an lulluɓe shi da buhu, ku tambayi yara nawa suka koya a hannun mutumin kuma ina suke yanzu, sannan a yi magana gaban shaidu kan shekara nawa zai yi da kuɗin abincinsa. Allah ya yi masa albarka ya sa ya riƙe da hannu biyu.