Matashin da ya ɗaure wa kwamfutocina hannu a Titin Bauchi

Kwamfutoci goma sha biyu gare ni a ɗan shagona da ke Titin Bauchi a Jos, kusa da jami'a. Tun da JAMB ta koma yin jarrabawa a kwamfuta gaba ɗaya a 2015, yara ke zuwa wurina gwaji kafin ranar ta zo. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yatsun yaran. Wani ya danna Alt da F4 tambayoyi su ɓace, wani ya danna maɓallin Windows ya shige wasa, wani ya matsa gefen dama na linzami ya goge abin da bai san amfaninsa ba. Kullum da daddare ina zaune ina gyara, ga sanyin Jos, ga man janareta yana ƙonewa.

Wani maƙwabcina ne ya haɗa ni da wani matashi mai gyaran kwamfuta a wajen Taminus. Da ya zo bai taɓa komai ba sai da ya zauna ya kalli yara suna gwaji kusan awa guda. Daga nan ya fara burge ni. Ya ce, "Baba, a jarrabawar nan A, B, C, D ne na zaɓen amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙa aiki. Waɗannan ba za mu taɓa ba, sauran ƙofofin za mu toshe."

Ya bayyana mini cewa Windows tana da tsarin da ake kira Assigned Access, wanda ke tsare mutum a cikin manhaja ɗaya, amma danna maɓallan Ctrl da Alt da Del tare yana fitar da mutum. Abin da ke toshe wannan shi ne Keyboard Filter, kuma a nau'in Windows na Enterprise da na Education yake, babu shi a nau'in Pro. Takwas daga cikin nawa Education ne, sai ya kunna musu. Sauran huɗun ya gaya mini gaskiya cewa kullensu ba zai kai na 'yan uwansu ƙarfi ba, ya ce in jera su kusa da teburina inda idona zai kai. Ya kashe danna gefen dama na linzami, ya hana kwamfutocin karɓar filas, har ɗan akwatin nan da ke fitowa idan an danna Shift sau biyar bai manta da shi ba. Ni ban ma san yara na bi ta nan ba.

Inda ya ɓata mini rai ɗaya ne. Ya tafi bai rubuta mini kalmar sirrin mai kula ba, wato wadda ake buɗe kullen da ita, washegari ina son sa sababbin tambayoyi na kasa shiga kayana, shi kuma wayarsa a kashe har la'asar. Da ya zo ya ba ni haƙuri, ya rubuta a takarda, ya koya mini yadda zan buɗe in sake kullewa.

Naira dubu arba'in na biya, kwana biyu ya yi. Yau mako shida ke nan ban sake kwana gyara ba, ina rufe shago bayan sallar isha'i in tafi gida. Mai irin sana'ata da zai kira shi, ya karɓi kalmar sirrin a rubuce kafin ya sallame shi.