Lithiyam ko tubula: wanne batir ya dace da solar ɗakunan kwanan ɗalibai?

Ɗan'uwa, tunda karo-karo kuka yi don haɗa wa ɗakunan kwananku sola, kuma batir ne ya tsaya muku, ku ɗauki lithiyam, nau'in LiFePO4.

Guda ɗaya mai 51.2V da 100Ah yana riƙe wuta kusan 5kWh, kuma za ku iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari kowane dare bai damu ba. Mai kyau yakan kai zagayen caji 3,000 ko fiye, wato ɗaliban da za su zo bayanku ma za su ci moriyarsa. Ba ruwan ku da zuba masa ruwa. A cikinsa akwai BMS, wato na'urar kare batir, mai yanke wuta da kansa idan an ja ta fiye da kima, kuma wannan ne ceton wurin da mutum hamsin ke jona waya ba wanda ya san nauyin wani. Kwan LED 20 masu 10W na awa 6 za su ci 1.2kWh, cajin waya 40 kamar 0.6kWh, sauran ya ishi kwamfutoci da 'yan fankoki. Farantan sola huɗu masu 450W sun isa su cika batirin inda rana ke da ƙarfi.

Tubula, wato batir mai ruwa, arha ce kawai take sa a waiwaye shi. Sai kun jera huɗu masu 200Ah kafin ku kama lithiyam ɗin nan guda ɗaya, don rabin wutar da suka riƙe kaɗai ake sha. Yana son ruwan batir akai-akai, yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, kuma idan aka tafi dogon hutu aka bar shi ba caji, farantansa na ciki su daskare da gishiri, ya mutu.

Ku yi hattara da masu sayarwa. Wasu tsofaffin ƙwayoyin batir suke zubawa a sabon akwati su manna 100Ah. Kada ku biya sai an cika shi, an ɗora masa kaya, kun ga awa nawa ya ɗauka, an kuma rubuta muku garanti.

Layin solar ya zama daban da na wutar makaranta, da izinin sashen ayyuka. Kowane layi a sa masa ƙaramar bireka mai yanke wuta idan an jona abu mai nauyi, domin hita ko dutsen guga ɗaya yakan ja kusan 1,000W ko fiye, kuma a ɗakin ɗalibai sai an samu mai jonawa.