Na'urar ruwan sha mai gudana ta karnuka: ta yi aiki, amma tana son hidima

Karena kilo 25 yake, kuma busasshen abincin karnuka na buhu shi ne cimarsa. Lissafin da likitocin dabbobi ke yi shi ne lafiyayyen kare yana buƙatar wajen mililita 50 zuwa 60 na ruwa a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato nawa ya kamata ya sha lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi. Da na fara aunawa, in zuba da kofin awo da safe, kashegari in duba abin da ya rage, sai na ga yana ƙasa da hakan sosai. Fitsarinsa ma ya yi duhu, ga ƙarni. Likita ya duba shi bai sami wata cuta ba, ya ce dai a nemi dabarar da za ta sa ya ƙara sha. Dalilin da ya sa na sayi wannan na'ura ke nan.

Abin ba shi da wani sarƙaƙiya. Babban kwano ne mai murfi, a ƙasansa akwai ɗan ƙaramin injin da ke zaune cikin ruwa yana turo shi sama, ruwan ya ɓullo ta baki, ya gangaro kan faranti, ya koma ciki. A hanyarsa yana bi ta soso mai tare gashi da ɓurɓushin abinci, sannan ta matata mai gawayi wadda ke rage wari da ɗanɗanon sinadarin da ake sa wa ruwan famfo. Na zaɓi ta ƙarfe mara tsatsa. Ta roba ta fi araha, sai dai roba tana karcewa, ƙazanta kuma tana samun maɓoya a cikin karcen, soso bai isa ya fitar da ita ba.

Da farko ƙin ta ya yi. Ya tsaya nesa yana kallonta da kunne a miƙe, in injin ya yi ɗan gurnani ya ja da baya. Na bar masa tsohon kwanonsa a gefe, na kashe na'urar ya saba shan ruwan a tsaye, daga baya na kunna. Duk mai shirin saye ya riƙe wannan: kada a ɗauke tsohon kwano rana ɗaya, don kare mai tsoro zai iya yini da ƙishirwa a gaban ruwa.

Da ya saba, shan nasa ya ƙaru, kofin awo ya nuna min. Abin da na fi lura da shi shi ne yawan zuwansa. Da can sai ya dawo daga yawo yana haki sannan ya tuna da ruwa. Yanzu in zai wuce ya ji ƙarar zubar ruwan sai ya ratse, ya lasa kaɗan, ya ci gaba da harkarsa. Kuma daidai inda ruwan ke faɗowa yake kai baki, ba inda ya taru ba. Kare yana lanƙwasa harshensa baya ne ya fizgo ruwa sama ya cafke da baki, shi ya sa ba ya sha ba tare da fantsama ba, kuma wannan na'ura ta ƙara ɓarnar. Sai da na shimfiɗa mata tabarmar roba a ƙasa.

Ni dai ban yarda cewa gudun ruwan kaɗai ne sirrin ba. Ruwan kwano in ya kwana yana ɗaukar yawu da ƙura da guntun abinci, hancin kare kuwa yana jin abin da namu ba ya ji. Ina ganin rabin nasarar na'urar daga tsabtar ruwan take, kuma a nan ne masu talla ba sa faɗin gaskiya duka. Matatar ba ta kashe ƙwayoyin cuta. In aka bar na'urar kwanaki ba wanki, ka shafa yatsa a jikin farantin za ka ji wani yauƙi mai santsi kamar na cikin tulun da aka manta da shi. Taron ƙwayoyin cuta ne suka shimfiɗa gida. Na lura da zarar yauƙin ya fara, karen yana rage zuwa. Don haka duk mako sai an warware ta gaba ɗaya, har injin: a cire murfinsa, a zaro 'yar farfelar da ke ciki, a goge ramin da ɗan buroshi, domin gashi yana naɗewa a wurin ya shaƙe ta. Aikin ya fi wanke kwano nesa ba kusa ba. Matatar gawayin ma canza ta ake yi lokaci-lokaci, kashe kuɗi ne da ba ya ƙarewa.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. In ruwa ya yi ƙasa injin yana ƙara mai hana barci, in ya ƙafe kuma injin zai iya ƙonewa. In an ɗauke wuta, ruwan da ke kan faranti ne kawai karen zai samu, sauran yana ƙarƙashin murfi, shi ya sa har yau ban janye kwano na biyu ba. Mai ɗan kwikwiyo kuma ya ɓoye wayar, don za a tauna ta.

Abin da ya ba ni mamaki, dabarar da ta fi kawo canji ba ta ci ko sisi ba. Busasshen abincin kare ruwan da ke cikinsa wajen kashi 10 ne cikin ɗari, na gwangwani kuwa yana kai kashi 75 zuwa 80. Da na fara zuba ruwan ɗumi a kan busasshen abincin in bar shi ya ɗan jiƙa, kofi guda na ruwa yake shigewa cikin karen ba tare da ya sani ba. Ƙanƙara ma tana burge shi, yana bin ta da hanci a cikin kwano. Wasu suna ɗiga romon nama a ruwa don ƙamshi, kuma yana aiki, amma ya zama romon da ba gishiri, ba albasa, ba tafarnuwa, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare.

Ra'ayina: mai karen da ke ƙyamar kwantaccen ruwa, wanda kuma zai iya jure wankin mako-mako, ya saya, ba zai yi asara ba. Wanda ya san ba zai wanke ba, kwanon ƙarfe biyu a inuwa da ake sauya wa ruwa kullum sun fi masa.

Na'urar kuma ba ta maye gurbin ido. Kare ba ya gumi kamar mutum sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa, da haki yake sanyaya jiki, kuma hakin ruwa yake cinyewa. Ina ɗaga leɓensa in taɓa dasashi: ya kamata ya zama da laima da santsi, ba ya danƙo a yatsa ba. In na danna wurin ya yi fari, launin ya dawo kafin daƙiƙa biyu. Fatar da ke tsakanin kafaɗunsa in na ja ta sama na saki, nan take take komawa. In ta yi jinkiri, ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Karen da ya ƙi ruwa yini guda, ko yake amai da zawo, wurin likita za a kai shi, ba kantin kayan dabbobi ba. Haka ma wanda ya koma shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. In ya haura mililita 100 a kan kowane kilo a rana, kada a yi murna a ce na'ura ta yi aiki, alama ce da ake gani a ciwon suga da ciwon ƙoda. Na'urar tana sa awon ya ɗan yi wuya tunda ruwan yana ɓoye a ciki, don haka na yi wa jikinta alama daga ciki, kullum da safe nakan cike ta zuwa layin da kofin awo, in rubuta abin da ta ci.